Zanin Inna a Cikin Sifika

Inna ta rasu ina kwance a asibiti a Gagarawa da cikin fari, an hana ni ko tashi zaune. Kafin a sallame ni in isa Gumel an yi sadakar bakwai, kuma Gwaggo, ƙanwar Babanmu, ta rabar da kayan Inna kaf. Zannuwa, mayafai, har silifas ɗin da take alwala da shi.

"Ko ɗankwali ba ki ajiye min ba, Gwaggo?"

"Lada muke nema mata, 'yar nan. Kayan mamaci a ajiye a yi me da su?"

Abin da ke bakina ba na faɗa wa babba ba ne. Na shiga ɗakin Inna na tura kaina cikin durowarta. Kafur kawai na shaƙa. Ni kuwa ƙamshinta nake nema, man kaɗanya da hayaƙin murhu da ɗan turaren wuta.

Ina tsaye sai karatun Alƙur'ani ya taso daga zaure, na tuna.

Yayana kafinta ne, amma gado da kujera don abinci kawai yake yin su. Zuciyarsa tana kan sifika. Ranar kasuwar Maigatari zai je ya tsinto na matattun rediyoyi da na motoci, ya dawo ya yi musu akwati da katako mai kauri, yana ƙwanƙwasawa da yatsa yana kasa kunne kamar mai zaɓen kankana. Ya ce akwati in babu komai ciki kuwwa yake yi kamar ana magana a randa, sai an cusa masa tsumma. Wata rana tsumma ya ƙare masa, ya zare tsohon zanin Inna daga igiya, wata koriyar atamfa mai tsuntsaye da ta goye mu duka da ita. Ta biyo shi da muciya.

"Ɗan nema! Zanin nawa za ka ciyar da rediyo?"

"Ya tsufa fa, Inna."

"To ni ma na tsufa, zo ka cusa ni!"

Sifiku biyun da ya cusa wa zanin bai sayar ba, Baba ya ba wa. Tun rasuwar, a tsakaninsu Baba yake yini, karatu na tashi, shi ko uffan.

Na sami Yaya a ƙofar gida na ce ya buɗe min sifika ɗaya.

"Ba mai buɗuwa ba ce. Gam na sa na matse don kada iska ta fita. In na taɓa, fasawa ce."

"To fasa."

"Ke dai ba kya canjawa. Baba fa? Da me zai ji karatu?"

"Baba na da biyu. Ni me nake da shi?"

Da ƙarfi na faɗa, ban iya yin ƙasa da murya ba tun ina yarinya. Karatu ya tsaya a zaure. Muka ji Baba ya ce, "Buɗe mata."

Yaya ya fito da ta hagu tsakar gida, ya kifa ta kan tabarma. Ya daɗe yana shafa bayanta kafin ya ɗauki guduma. Da katakon ya tsage, sai da ya runtse ido.

Ashe ba zani ba ne kuma. Yayyanka shi ya yi, ya manna a jikin katako, kan tsuntsu a nan, fiffike a can. Na fizgo guntu na danna a hanci. Gam. Gam da garin katako. Na fizgo wani, na fizgo wani, har farcena ya karye. Babu Inna ko kaɗan.

Nan na zauna a ƙasa da ƙaton cikina na yi kukan da ban samu yi ba a asibiti. Yaya bai ce ai na faɗa miki ba. Tsintar ɓaraguzan katakonsa kawai ya shiga yi.

Ya mayar da bayan, ya liƙe, ya ƙara da ƙusa. Ba ta koma daidai ba. Duk sanda mai karatu ya yi ƙasa da murya sai ta kama zizar nan kamar an kulle ƙudan zuma a gwangwani. Yaya ya ce zai yi sabuwa, Baba ya ce a bar masa abarsa.

Guntu ɗaya na tafi da shi, mai rabin tsuntsu. Yana ƙasan akwatina, yanzu ƙamshin kayana yake yi.

In na je gida da 'yata, tun daga bakin layi nake jiyo zizar. Baba kuwa da ya hango ni sai ya miƙa hannu ya rage muryar sifikar don kada in ji.