Takwaran Kofur Joel

A Zuru, in ka tambayi Malama Leah mai koyar da kimiyya a makarantar 'yammata, sai a ce maka, "Au, mai ɗaga duwatsu?" Da haka aka san ta. Ran Asabar, mata na wanki a rafin da ke gangarowa daga kan tsauni, ita tana can sama da su, ta tattare zani zuwa gwiwa, tana juya duwatsun cikin ruwa tana leƙa ƙarƙashinsu.

Abin da take nema wani ɗan ƙwaro ne da bai fi ƙwayar shinkafa ba, mai jela uku da wasu 'yan ganyayyaki a gefen ciki waɗanda yake numfashi da su. Yakan yi watanni a ruwa, sannan ya fito da fiffike, ba bakin cin abinci, ya yi barbara ya mutu, sau da yawa bai ga wayewar gari biyu ba. Mutane kan ɗauka shinge ne, garar nan mai fiffike da ake soyawa, sai sun ga babu abin soyawa a jikinsa su ƙyale shi.

Leah 'yar soja ce, kamar rabin garin. Ubanta, Kofur Joel, ya tafi Laberiya tana ƙarama bai dawo ba, ko gawa ba a kawo ba. Ta yi karatu, ta yi aure, auren ya daɗe babu haihuwa. Mijin ya tafi Kaduna neman aiki, bai sake ta ba, bai kuma aiko ta zo ba. Sai ta kwashe kayanta ta koma gidansu a Rikoto, wurin Mama da yayanta Philip, manomin dawa kuma dattijon coci.

Digirinta na biyu ne ya kai ta rafi. Da ta aika wa Dakta Amatullah, malamar jami'a a Sakkwato da ke duba aikinta, hoton wani ƙwaro da ta tsinto, matar ta kira ta a waya. Haƙoran muƙamuƙinsa da siffar ganyayyakin nan ba su dace da na kowane nau'i da aka taɓa rubutawa ba. "Amma kada ki yi murna tukuna," in ji Dakta. "Ki rene shi ya yi fiffike, ki samo min namiji. Sai mun haɗa na ruwa da mai tashi kafin mu ce sabo ne."

Renon na son ruwa mai sanyi, wutar lantarki kuwa ba abin dogaro ba ce. Sai Leah ta ari randar Mama, ta zuba ruwan rafi da duwatsunsa, ta ɗaure bakin da guntun gidan sauro, kullum tana sauya ruwan. Damina biyu ta yi tana asara. Farko ta yi gaggawa, da ganin fiffike ta jefa shi a sifirit, ruwan da ake adana ƙwari a ciki, alhali wannan ƙwaro sai ya sake saɓa fata bayan ya tashi kafin ya zama cikakke. A damina ta uku ta sami namijinta, fiffike garau kamar gilashi. Ta auna, ta zana, ta gwada shi da danginsa gaɓa da gaɓa. Sabo ne. Saura suna.

A kimiyya suna biyu ake haɗa wa kowane ƙwaro. Na farko, sunan dangi, an riga an san shi, na biyun kuwa wanda ya gano shi ke zaɓa, kuma in an buga shi a mujallar masana ba ya goguwa har abada. Leah ta zaɓi joeli.

In an tambaye ta dalili, takan ce ubanta ba shi da kabari, to ya sami wannan. Gaskiya ne, amma ba duka ke nan ba. Ba ta tuna komai nasa sai warin man takalmi. Abin da take tunawa shi ne ranar sunan ɗan Philip na fari, da aka sa masa Joel, ana guɗa a tsakar gida, ita tana bayan ɗaki tana wanke tukwane, wata inna tana ce mata, "Ke kuma Allah ya kawo naki." Kowa a gidan ya mayar wa wani mamaci suna. Ita kaɗai ba ta da kan da za ta ɗora suna a kai.

Ta faɗi maganar ran Lahadi bayan sujada, a ƙarƙashin mangwaro, Mama na ɓare gyaɗa.

Philip ya ajiye kofin kunu. "Ƙwaro? Ubanmu?"

"Girmamawa ce, Yaya. Haka masana suke yi a duniya."

"To su sa wa nasu iyayen. Gobe a makaranta a riƙa kiran yarona ƙwaron randa? Ke da kike koyar da yara ba ki san bakinsu ba?"

"Wane yaro ne zai karanta mujallar?"

"In ba mai karantawa, ina girmamawar?"

Shi ma akwai abin da bai faɗa ba. Tun rasuwar uban, hoton na ɗakinsa, hular soja na akwatinsa, sunan na kan ɗansa. Bai saba a ce wani ya miƙa hannu ga kayan nan ba tare da ya ba shi ba, balle ƙanwar da ta dawo gida.

"Sunan ba naka ba ne kai kaɗai," in ji Leah.

"Ba kuma na mai wasa da ruwa ba ne. Mama, ki yi magana."

Da Leah ta so, da ta aika da sunan ba wanda ya sani. Amma ba a mayar da sunan mamaci a gidan sai da yardar tsohuwar, kuma sunan da aka sato ba shi take so ba. Ta riga ta yanke a ranta, in Mama ta ƙi, za ta sa masa sunan garin kawai.

Mama mace ce da ba a taɓa jin sunan mijinta a bakinta ba, yana raye ko bayansa. Jikan da ya ci sunan ma "Maigida" take kiransa. Ta kaɗe ɓawon gyaɗa daga cinyarta. "Kawo shi in gani."

Leah ta fito da madubin ƙara girma da ta aro daga makaranta, ta ɗora a kan turmi inda rana ke haskawa, ta zuba ƙwaron a ɗan faranti. Mama ta rufe ido ɗaya da tafin hannu ta daɗe tana leƙe.

"Mene ne wannan a kansa?"

"Idanunsa ne. Na namiji haka suke tashi sama."

"Kamar hula." Ta sake leƙawa. "Me yake ci?"

"In ya girma ba ya cin komai."

"Nan kam bai ɗauko shi ba. A cikin me kika jiƙa shi haka?"

"Sifirit ne, Mama, don kada ya ruɓe."

"Giya ke nan." Ta yi 'yar dariya ta hanci. "Nan ya ɗauko shi."

"Mama!" in ji Philip.

"Kai ka san shi ko ni? Zauna." Ta juya ga Leah. "Kwana nawa yake yi?"

"Ɗaya. Ya zo, ya bar wa macen ƙwai, shi ke nan."

Mama ta ɗauki gyaɗa ɗaya, ba ta ɓare ta ba. "Hutunsa ma haka yake," ta ce. "Ya zo ya bar min ciki ya koma bariki."

Philip ya gyara murya. "To kin gani da idonki. Me kika ce?"

Ba ta ko dube shi ba. "Leah, ɗauke Maigida daga rana kada ya bushe."

Philip ya ɗauki kofinsa ya shiga ɗaki. Da la'asar Leah ta kira Sakkwato.

Sunan ya fito a shekarar da ta biyo. Namijin na can jami'a a cikin kwalba, da 'yar takarda mai sunan rafin da na Leah. Philip bai taɓa ambatarsa ba, in ta kama dole sai ya ce "abin Leah". Da matarsa ta sake haihuwa, Leah ce dai ta wanke tukwanen suna. Randar ma ba ta koma ta shan ruwa ba, don Leah ta fara renon wani da take zargin sabo ne. In baƙo ya nufe ta da moɗa, daga inda take zaune Mama ke tare shi: "Ba wannan ba, ta Maigida ce. Ga tulu can."