Linjilar da gara ta ci

Ƙanen ubana ne ya raba ni da ladanci. Shekara goma sha ɗaya ina kiran salla a masallacin unguwarmu a Madarumfa, ban taɓa makara ba ko ina zazzaɓi, ya tuɓe ni a gaban jama'a saboda littafin da shi da bakinsa ya ce in ajiye. Shi ne limaminmu. Baffa nake ce masa.

Shekarar da aka karya darajar sefa, wani Kirista ɗan Maraɗi mai gyaran injin ban ruwa ya yi kwana uku a garkata a bakin tabki. Na ciyar da shi tuwo da kifi. Da zai tafi ya ba ni ɗan littafi mai baƙin bango, Linjila da Hausar boko. Aji huɗu na yi a lakwal kafin a mayar da ni gona, ina iya haɗa baƙi. Na buɗe, na ga sunan Allah, na ga Annabi Isa, na ga Annabi Ibrahim. Na rufe, na nufi zauren Baffa.

«Baffa, in ƙone shi?»

«A'uzubillahi! Littafi huɗu Allah ya saukar, Linjila tana ciki. Wanda bai yi imani da ita ba bai musulunta ba.»

«To in karanta?»

«Ka karanta mi? An sa mata hannu. An ƙara, an rage.»

«In mayar wa mai shi?»

«Kyautar baƙo? Kai ba ka da kunya?»

Na ce to shi ya karɓa. Ya ja hannuwansa cikin riga kamar na miƙo masa kunama. Ya ce ni aka ba, ni ke da boko, amana ce a wuyana.

Sai maganar wurin ajiya. Ba a sa shi ƙasa, akwai sunan Allah. Ba a sa shi gafaka ɗaya da Alƙur'ani. Ba ya hawa sama da Alƙur'ani, ba ya kuma yin daidai da shi. Baffa ya zo ɗakina da kansa, ya auna bango da tafin hannu, ya nuna inda zan kafa ƙusa in rataye ƙunshin littafin: taƙi ɗaya ƙasa da gafaka, taƙi biyu sama da rediyo. Na tambaye shi ko sai da alwala ake taɓawa. Ya ce in riƙa yi, amma kada in yi niyya. Har yau ban san yadda ake alwala ba niyya ba.

Matata ta daina share wannan gefen, don kada tsintsiya ta tayar wa littafin ƙura. Damina biyu bangon nan bai ga tsintsiya ba. Gara kuwa ba ta san hukunci ba. Ta yi gini ta bayan ƙunshin, ta shiga, ta ci abinta. Ranar da na sauke shi, rabi ya zube a hannuna kamar dussa.

Na kai wa Baffa. Da farko har murna ya yi. Ya tara dattawa, ya ce ga aya: gara ba ta cin maganar Allah, abin da ta ci shi ne ƙarin da mutane suka yi, abin da ta bari shi ne na asali. Ya ce in karanta musu. Na duba. Abin da ya tsira cikakke shafi ɗaya ne, wane ya haifi wane, wane ya haifi wane, sai bangon baya da aka rubuta garin da aka buga shi, Jos. Na karanta musu duka. Wani tsoho ya ce a iya saninsa ba a saukar da komai a Jos ba. Aka yi dariya, har da masu tsayuwa a ƙofa. Baffa bai yi ba.

Ranar Juma'a bayan la'asar ya miƙe ya ce ba zan ƙara taɓa amsa-kuwwar masallaci ba. Laifi biyu ya lissafa. Na ɗaya, ladan ba ya ajiye littafin Nasara a ɗakin kwanansa. Na biyu, na wulaƙanta littafin Allah har ƙwari suka ci. Ya ba surukinsa ladancin, mutumin da muryarsa ko akuyar maƙwabta ba ta tayarwa.

Washegari da hantsi na ƙulle ragowar a farin ƙyalle, na same shi a zaure yana shan fura da baƙi. Ban cire takalmi ba. Na ɗora ƙunshin a cinyarsa. Ya ɗaga hannuwa sama, ya kasa turewa ƙasa, ya kasa ɗauka.

Na ce: «Baffa, mutum ɗaya ba ya yin laifin nan biyu tare. In littafin Nasara ne, ture shi ƙasa yanzu baƙinka su gani. In na Allah ne, kai ne liman, ɗakinka ya fi nawa cancanta. Ka zauna da shi nan har ka zaɓa. Ni na tafi garka.»