Ɗigon Jan Farce a Agogon Zafi: Baba Timoti na Mayo Gwoi

Kafin masu ƙosai su kwashe suyar farko, Baba Timoti ya riga ya yaye buhunan da yake rufe rumfarsa da su a Mayo Gwoi. Ba waya yake fara taɓawa ba. Risho yake kunnawa, ya ɗora wata tsohuwar butar shayi da hayaƙi ya mayar baƙa ƙirin. Baƙo in ya gani sai ya gyara zama a benci yana jiran kofi. Direbobin Jalingo kuwa sun san babu mai shan ruwan butar nan. Kayan aiki ce, kuma a wurin Timoti ta fi duk abin da ke cikin akwatinsa daraja.

Mai gyaran wayar mota ne, rewaya kamar yadda ake ce musu a tasha. Fitila, hon, caji, duk yana yi kamar kowa. Inda ya rabu da sauran shi ne agogon zafi, wannan da ke gaban direba, mai kibiyar da ke nuna ko ruwan inji ya ɗau zafi. A jikin inji akwai wani ɗan ƙarfe mai kamar noti, shi ke jin zafin ruwa ya aika wa kibiya labari ta waya. Timoti ba ya karɓar maganar agogo haka nan. Sai ya kwance ɗan ƙarfen, ya ƙara masa tsawon waya, ya tsoma shi cikin buta tana tafasa, sannan ya zagaya ya leƙa inda kibiya ta tsaya. Hujjarsa gajeriya ce: agogo yana tsufa, waya tana tsatsa, amma ruwa in ya tafasa yau a Jalingo, zafinsa ɗaya ne da na jiya. Inda kibiya ta tsaya, nan yake ɗiga jan farce a kan gilashi, domin direba ya san iyakarsa ta gaskiya. Jan farcen kuwa na matarsa Beatrice ne, kuma har yau ba su gama wannan shari'ar ba.

Wanda bai yi harkar mota ba, bari ya ji abin da ake yi. Da Jalingo ta zama babban birnin jiha, motocin Beljiyam suka cika gari. Mota ta tsufa a ƙasar sanyi, an kawo ta tsakiyar rana, dole kibiya ta riƙa hawa. Mai mota ba ya son ganin ja, fasinjan gaba yana tsorata, dillali yana so ya sayar. Sai aka samo dabara. A ciro wani ɗan abu daga mataccen rediyo a saƙala a wayar, shi ke nan kibiya ta kwanta a tsakiya, ko injin yana dafa ƙwai da ƙyar za ta ɗaga kai. Sunan aikin kwantar da kibiya. Ba ya ɗaukar lokaci, kowa ya tafi da murna. Injinan da suka ƙone a hanyar Wukari da hawan Mambilla, da yawansu da kibiya a tsakiya suka mutu.

Timoti ba ya yi. An ce masa mai taurin kai, an ce tsufa ne, wasu sun kwashe motocinsu sun koma rumfunan gaba. Amsarsa ba ta canjawa: "Masu yi suna nan birjik, je ka wurinsu. Ni ba na koya wa agogo ƙarya."

A bazarar da sanƙarau ya addabi ƙauyuka, wata mota ta tsaya a gaban rumfarsa wadda duk garin ya sani. Mota mai ɗaki ce, da gadaje biyu a ciki, da wurin girki, da tankin ruwa, da ɗan firji. Wasu Turawa ne suka bar wa wani ƙaramin asibitin coci. Sista Keziah, nas ɗin asibitin, da ita take shiga ƙauyuka ta yi kwanaki, shi ya sa ake ce wa motar Gidan Sista. Firjin nan cike yake da maganin rigakafi, kuma da batirin mota yake aiki. In inji ya mutu a daji, batiri ya bi shi, firji ya bi batiri, magani ya lalace.

Direban, Sajo, Bafulatani ne mai baki, shi ya fara sauka.

"Jam na, Baba mai doya?"

"Jam, ɗan nono. Yau kuma me ka kashe?"

"Ban kashe komai ba. Agogon nan ne ɗan ƙasar sanyi, da ya ji ranar Taraba sai ya firgita. Sista kuma da ta ga ya taɓa ja sai ta ce in tsaya. Jiya haka muka yini a hanya muna tsaye-tsaye kamar masu tallan kifi. Kwantar min da shi mu wuce, ana jiranmu bayan Mutum Biyu."

Timoti ya miƙe. Ya buɗe bonet, ya kwance ɗan ƙarfen, ya tsoma a buta. Ruwa yana ɓararraka, ya kira Sajo ya zo ya gani da idonsa. Kibiya ba ta ko kusanci jan da Turawa suka zana ba. Ta ɗan wuce tsakiya ta tsaya.

"Ka yi gaskiya, agogonka yana ƙarya," in ji Timoti. "Amma ragewa yake yi, ba ƙarawa ba. Ruwa yana tafasa, shi yana cewa lafiya lau. To ranar da ka ga ya taɓa ja, ka san inda injinka ya kai." Ya zare makulli ya jefa a aljihun rigarsa.

Sista Keziah ta sauko daga mota, fuska a ɗaure.

"Baba, yara suna mutuwa a bakin Binuwai. Kana cewa in zauna a benci?"

"'Yata, in kin tafi yanzu, wataƙila ki wuce Mutum Biyu. Daga nan sai ki isa da magani mai ɗumi. Ki yi wa 'ya'yan mutane allurar ruwan banza, iyayensu su koma gida suna ganin sun tsira."

Ta waiwaya ta dubi motar. Sannan ta ce, "Zuwa yaushe?"

"La'asar."

"Azahar, Baba."

"La'asar. Lagireto ba ya jin ciniki."

Ya jona wa firjin batirinsa na rumfa domin kada sanyi ya yanke. Ya sa aka kwance lagireto, wato ma'ajin ruwan da ke sanyaya inji, ya ɗora a baro ya tura da kansa zuwa wurin Aƙilu mai wankin lagireto, ya tsaya a kansa har aka gama. Abin da ya fito daga ciki kamar kunun gero. Ya canja murfin lagireton, ya kankare tsatsar wayoyi, ya sake tsoma ɗan ƙarfen a buta, ya ɗiga jan farce inda kibiya ta tsaya. Sajo yana gefe yana gunaguni da Fulatanci, Timoti yana yi kamar bai ji ba, alhali yana jin yaren sarai.

Da zai miƙa makulli, sai ya riƙe hannun Sajo.

"Saurara. In kibiya ta kai ɗigon nan, rage wuta ka nemi inuwa. Wannan kowa ya sani. Ga wanda ba kowa ya sani ba: in ta hau, sannan ka ga ta faɗo da kanta haka kawai, kada ka yi murna. Kashe mota nan take. Ba hucewa ta yi ba, ruwan ne ya tsiyaye, ɗan ƙarfen ba shi da abin da zai ji."

"To likitan agogo," in ji Sajo, ya ja mota.

Kwanakin da suka biyo baya Timoti bai samu natsuwa ba. Duk motar da ta fito daga wajen Mutum Biyu sai ya tare direba ya tambaya ko an ga Gidan Sista. Babu mai labari, domin sun bar kwalta sun nutsa daji. Ya san yinin da ya cinye musu ba na wasa ba ne. In maganin bai isa da sanyinsa ba, ba shi da bakin yi wa Keziah magana har abada. Beatrice ta ce a kwanakin nan ko sakwarar doya bai iya cinye malmala ɗaya ba.

Ran nan da hantsi motar ta dawo, jikinta duk jar ƙasa. Sajo ya sauko, wannan karon babu tsiya a bakinsa. Ya zauna a benci ya ba da labari a gaban duk masu jiran gyara.

Suna cikin daji da tsakar rana, rufin ƙauyen farko har ya fara bayyana, kibiya ta hau ta taɓa ɗigon ja. Kafin ya nemi inuwa sai ta sulale ta dawo ƙasa. "Wallahi har na buɗe baki zan ce wa Sista ta huce," in ji Sajo. "Ƙafata tana kan totur. Sai na ji muryar tsohon nan a kunnena." Ya kashe mota. Da ya leƙa ƙarƙashi, kututture ya yaga tiyon ƙasa, ruwa ya zube ƙaf a bayansu. Ya ɗaure tiyon da robar tayar keke, suka jira inji ya huce, suka juye ruwan tankin girki a lagireto. Ya murɗa makulli, ta tashi. Da Keziah ta buɗe firji a dandalin ƙauyen, kwalabe suna raɓa don sanyi. Daga nan suka bi ƙauyukan bakin kogi ɗaya bayan ɗaya har magani ya ƙare.

Sajo ya juya ya ce, "Useko, Baba," wato na gode da Fulatanci. Keziah kuwa ta matso. Ta buɗe jakarta ta ajiye sabuwar kwalbar jan farce a kan akwatin kayan aiki.

"Na Mama Beatrice ne, ba naka ba."

"Za ta gani," in ji Timoti, ya jefa a aljihu.

Baba Timoti, kai ne wanda ya gwammace mai mota ya tafi da fushi da ya tafi da ƙarya a gabansa. Kai ne mai buta, wanda bai taɓa sa ƙafa a ƙauyukan bakin Binuwai ba, amma yaran can suna gudu a dandali da hannunka a cikin lafiyarsu, ba su ko san sunanka ba. Mun gode, Allah Ya saka maka, Ya ba ka tsufa mai sauƙi.

Ƙarshen shekarar nan ta 1998 ya ce zai rufe rumfa, domin yanar ido ta rufe masa gani, ba ya bambanta jar waya da baƙa. Ku rewayoyin Jalingo, daga Mayo Gwoi har bayan kasuwa, buta da risho ba su fi ƙarfin kowa ba. Ku bar matattun rediyoyi su huta. Ku kuma direbobi, in kun ga kibiya ta hau, inji za ku gyara, ba agogo ba.

A makonnin nan da suka rage, duk safiya risho yana ci kamar kullum. Sajo ne ke zuwa in ba ya hanya, ya zauna a kujerar direban duk motar da aka kawo, ido a kan kibiya, kwalbar jan farce a hannu. Timoti yana tsugune gaban buta, ya karkata kunne.

"Baba, in ɗiga?"

"Dakata, ɗan nono. Tsuwa take yi, ba ta tafasa ba tukuna."