Kaset ɗin Duba-gari

Shekarar da ɗan baffana ya sayo bidiyo daga Legas, ni ne alƙalin fina-finai a garinmu, ko da yake ba wanda ya naɗa ni. Direban babbar mota ne, yana kai tumatir kudu, ya dawo da talabijin da bidiyo da ɗan janareta, ya kafa su a zauren gidansu, a ƙauyenmu da ke tsakanin Kura da Bunkure. Da an sallame la'asar sai a toshe ƙofa da bargo saboda haske, a cika zauren har numfashi ya yi wuya, a watse kafin magariba. In an fito kuwa sai na faɗi ra'ayina, ko an tambaye ni ko ba a tambaya ba. Na gama firamare, ina tsintar Turanci kaɗan-kaɗan, shi ke nan na ɗauki kaina masani.

Wani mako cikin rani, alkama ta fara fitar da kai, ya zo da sababbin kaset uku. Ranar Talata aka sa na Indiya. Kowa ya fito yana yabon waƙa, ni na fito raina a ɓace. Saurayi da budurwa suka shiga gonar wani bawan Allah suna rawa, suna birgima a kan shuka, daga wannan kunya zuwa waccan, kuma har fim ya ƙare mai gonar bai zo ya ce musu kanzil ba. Na ce da a fadamarmu ne, da waƙar ba ta kai baiti na biyu ba. Sannan aka harbi jarumin har sau uku, maimakon ya yi kalmar shahada sai ya ɗauko wata waƙar. Amma ba zan ci amanar gaskiya ba, wurin da tsohuwar uwarsa take jiran sa a bakin ƙofa sai da na share ido, na ce hayaƙin janareta ne.

Laraba aka sa na 'yan Cana. Wannan ya burge ni, don ba su da ɓata lokaci. Ba gaisuwa, ba tambayar iyali, mutum ya shigo gidan abinci sai duka. Abin da na kasa ganewa shi ne yadda mutum ashirin za su kewaye mutum ɗaya, su riƙa zuwa masa ɗaya bayan ɗaya kamar masu layin taki. Na ce ko yaran unguwarmu sun fi su dabara.

Na Alhamis shi ne na ban tsoro, na Turawa. Wani abu ne yake zaune a ƙarƙashin wani katafaren gida, yana jan mutane ɗaya-ɗaya. Ranar na ga maza. Wani dillalin albasa mai yawan cika baki ya tashi wai zai kama ruwa, bai dawo ba sai washegari. Ni dariya na yi ta yi. Gida ɗaki goma, mutum biyu kacal a ciki, ba maƙwabci, ba dangi, kuma mace ta ji motsi ta sauka ita kaɗai ta duba. Na ce wannan ba aljani ne ya kashe su ba, rashin mutane ne. Na bugi ƙirji a bakin zaure na ce ba a yi fim ɗin da zai tsorata ni ba tukuna.

Ranar Asabar aka ce za a maimaita na 'yan Cana, zaure ya cika. Sai ɗan baffan nawa ya ce a yi haƙuri, duba-gari ya kawo masa wani gajeren kaset, ya roƙe shi ya nuna wa mutane tunda nan ake taruwa. Aka yi ta gunaguni. Ni ma na ce mun zo ganin faɗa, za a koya mana wanke hannu.

Fim ɗin ba waƙa, ba kiɗa, sai muryar wani mutum yana bayani da Hausa a hankali. Aka fara nuna kanal irin namu na noman rani sak, da siminti a gefe, da ciyawa a bakin ruwa, yara suna tsalle a ciki. Har wani ya ce ai ga garinmu. Sai aka matso da hoton kan wasu ƙananan dodon koɗi da ke manne da ciyawar, irin waɗanda nake takawa kullum ban taɓa kallon su sau biyu ba. Mutumin ya ce daga jikinsu wasu tsutsotsi ke fita, ido ba ya ganin su, su huda fatar duk wanda ya shiga ruwan, ba zafi, ba ciwo. Aka nuna su a madubin likita suna wutsil-wutsil. Ya ce suna zama cikin jijiyar mutum shekara da shekaru suna yin ƙwai. Sannan aka nuna wani yaro riƙe da kwalba, fitsarinsa ja. Ya ce wannan ita ce tsargiya.

A nan dariyata ta tsaya, domin wata uku kafin wannan rana babban ɗana, mai shekara tara, ya zo wa uwarsa a firgice, ya ce jini yake gani a ƙarshen fitsarinsa. Matata mutuniyar wajen Dawakin Kudu ce, ƙauyensu ba kanal, ba ta saba ganin haka ba. Hankalinta ya tashi, ta ce a kai shi asibiti. Innata ta yi dariya ta ce girma ne ya zo, namiji ba ya zama namiji sai ya yi wannan, har ta dama masa fura ta musamman. Ni kuwa na yi wa matata tatas. Na ce duk yaran garin nan haka suke, ni ma na yi nawa ina yaro, ga ni garau, kada ta mayar min da ɗa rago. Har a majalisa sai da na ba da labarin ina alfahari.

Ina cikin wannan tunani aka nuno wani magidanci kwance a gadon asibiti. Cikinsa ya kumbura kamar tulu, ƙafafunsa sun tsotse, jijiyoyi sun fito raɗa-raɗa a kan cikin. Mai bayani ya ce haka ciwon yake ƙarewa da wasu in an bar shi, wani har aman jini yake yi. Ban san mutumin ba, amma na san cikin nan. Shekara biyu kafin nan haka Yayana ya kwanta, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, wanda tun da aka kawo ruwan kanal yake kwana yake tashi a cikinsa. Ni na riƙe masa kwano ranar da ya yi aman jini. Muka ce sammu ne, muka yi ta yawon masu magani, har muka zargi wanda bai ji ba bai gani ba. Ni ba likita ba ne, ba zan rantse cewa abin da ya kashe shi ke nan ba. Amma a zauren nan jikina ya ba ni, kuma har yau bai canja magana ba.

Tsoro na ji, tsoro na gaske. Abin cikin fim ɗin Turawa yana ƙarƙashin gidan wasu a wata ƙasa. Wannan kuwa yana cikin ruwan da muke wanka, muke wanki, muke alwala in muna gona, kuma yana cikin ɗana. Na kuma san inda yaron yake a daidai wannan lokaci, don bayan la'asar duk yaran gari a kanal suke.

Na miƙe ina taka ƙafafun mutane. Dillalin albasan nan ya samu abin da yake so, ya ce, “A'a, alƙali, yau kai ne za ka kama ruwa?” Aka kwashe da dariya. Na yaye bargon na fice.

Gudu na yi har bakin kanal. Suna nan kusan su goma sha biyar, suna faɗowa daga kan 'yar gada. Na ƙwala wa ɗana kira. Da ya ga fuskata sai ya zaci duka ne, ya ƙara nutsawa tsakiya. Na tsaya a bakin ruwan da na shiga sau dubu, na kasa sa ƙafa. Ina ganin dodon koɗin a jikin siminti, birjik. Sai da na sassauta murya na rantse masa ba zan taɓa shi ba, sannan ya fito. Na cire rigata na goge shi tun daga kai har tafin ƙafa, ina gogawa da ƙarfi kamar zan kankare abin da ya riga ya shiga. Sauran yaran na kore su, suka koma gefe suna kallona kamar na zautu, ina juya baya na ji sun koma ruwa.

A gida na gaya wa matata abin da na gani, ban rage komai ba, har da maganar Yaya. Na jira ta tuna min abin da na faɗa mata wata uku baya. Ba ta yi ba, kuma da ta yi da ya fi min sauƙi. Ta jawo yaron jikinta tana shafa cikinsa, ta ce, “Maigida, gobe Lahadi. Jibi da sassafe sai asibiti.” Inna ta ce fim ne kawai, su Turawa ba abin da ba sa haɗawa. Na ce, “Inna, cikin Yaya na gani.” Ta tashi ta shiga ɗaki.

Kwana biyun nan ban ci abin kirki ba. Ko tari yaron ya yi sai in zabura. In yana wasa sai in kira shi in ɗaga rigarsa in duba ko cikin ya fara tashi, har ya fara guduna.

Litinin na goya shi a keke zuwa Kura. Malamin asibiti ya ba shi kwalba, ya ɗaga ta a haske, ya tambaye ni tun yaushe. Na ce wata uku. Ya kalle ni, kallon da na gwammace zagi a kansa. Ya ce an zo da wuri, in Allah ya yarda zai warke, ya ba shi ƙwayoyi. Sannan ya miƙo min tawa kwalbar. Na ce ni lafiyata ƙalau. Ya ce duk haka muke cewa. Aka duba, ni ma ina da tsargiyar. Da za mu fito ya ce magani yana kashe na ciki ne kawai, duk ranar da aka koma ruwan za a iya ɗauko sabo.

Na yi ta juya maganar nan a hanya. Ruwan nan shi ne alkamata, shi ne tumatirina. Kafin a kawo shi, da rani mazan garinmu cin-rani suke tafiya, gidaje su zama sai mata da tsofaffi. Ba wanda zai yarda a mayar da shi, har da ni.

Ranar Laraba layin ban-ruwa ya zo kaina. Sai mutum ya shiga ƙaramin kanal ya nutsa tiyo ya cika, sannan ya jefa bakinsa cikin gona. Yaron ya biyo ni, na zaunar da shi can kan tudu, na ce ko yatsa ya sa a ruwa sai na karya shi. Na naɗe wando, na cire takalmi na ba shi ya riƙe. Na daɗe a tsaye ina kallon ruwan yana wucewa, fes da shi, har ana ganin ƙasa.

“Baba,” ya ce, “kai tsutsotsin ba sa kama ka?”

Na duba alkamar, ganyenta ya fara lanƙwashewa don ƙishi. Na ce masa ya riƙe takalmin da kyau, na yi bisimilla na shiga.