Injin da Na Ɓoye wa Mai Fito

Mota ɗaya na taɓa mallaka a duniya. Tsohuwar akori-kura ce, ni ne na uku da ya saye ta. Da ita nake ɗauko bandar kifi daga ƙauyukan masunta na hayin kogi in kawo kasuwar Haɗeja. Ranar da ba ta fita ba, ba a ɗora tukunya a gidana.

A shekarun da sababbin motoci suka fara cika hanyar Kano, injinta ya gaji. Baƙin mai take sha kamar fura, hayaƙi a bayanta kamar ana ƙona gona. Wata rana a hanyar Kaugama injin ya buga, ya yi shiru. Shanun huɗa ne suka jawo mu gari.

Bakanikena mutumin Jos ne, Kirista, ya daɗe a garinmu har Hausarsa ta koma irin tamu. Ya sauke injin a gindin tsamiya, ya jera kayan cikinsa a kan buhu.

"Hanya biyu ce, Direba," in ji shi. "Ko a kai wannan Kano a goge shi, a sa sababbin zobba. Wata biyu ke nan. Ko in ɗora maka wancan."

Ya nuna wani baƙin inji da ya ciro daga wata babbar mota da ta kife.

"Na gas ne, wato dizal. Ba ya shan mai, ba shi da filogi balle ruwa ya kashe shi. Kwana shida ka hau hanya."

"Illarsa fa?"

"Nauyi. Don uwar motarka aka ƙera shi, ba don ita ba. In tawa ce, nata zan gyara mata."

"In taka ce, da me za ka ci wata biyu?"

Ruwa ya fara janyewa daga fadamu, lokacin kifi ke nan. Wanda bai yi lodi a wannan tsakanin ba, sai baɗi. Na ce ya ɗora na gas.

Aka yanka, aka yi walda, aka tura lagireto gaba. Da aka sauke injin a cikinta da sarƙa, sai ta durƙusa kamar raƙumi. Ya ƙara wa sifirin ɗin gaba ƙarafa biyu-biyu har ta miƙe. In ka gan ta a tsaye, ita ce dai ta jiya. Tsohon injin kuwa wani mai niƙa ya kwashe shi.

Ranar da zan tafi bakaniken ya dafa boneti. "Ka gaya wa mutanen fito ta ƙara nauyi."

Na ce to.

Babu gada a inda muke ƙetarewa. Jiragen ruwa biyu ake haɗawa da katako, mota ta hau, a tura da gora. Mai fiton tsoho ne, ba shi da sikeli, ido ne sikelinsa. Motar da ta fara zuwa, sai ya sa a yi ta gaba da baya da ita a kan katakon har jiragen su zauna daidai, ya sa wuƙa ya tsaga alama inda tayar gaba za ta riƙa tsayawa. Daga ranar ba ya sake aunawa. Kowace mota da tsagarta. Tawa ta yi shekaru a wurin, har ta yi baƙi.

Da hantsi na isa. Bakin fito cike da direbobi da dillalan kifi, kowa ido a kan abin ɗan'uwansa. Mu an tashe mu a kan cewa sabon abu ba a tallarsa, baki na cin sa. In na ce a sake auna ni, kafin azahar duk kasuwa ta ji na yi sabon inji. Na kashe ta tun daga kan tudu kamar yadda aka saba, aka turo ta da hannu.

Tsohon ya karkata kai. "Ɗan nan, na jiyo ta daga nesa. Muryarta ta yi kauri."

"Mura ce, Baba."

"Mota da mura? To a dafa mata citta." Mutane suka yi dariya. Masu turawa suna nishi, ɗayansu ya ce yau kam ta ƙoshi da tuwo. Aka sake dariya.

Tsohon ya ƙara duba ni. "Babu wani abu?"

"Babu."

Aka tsayar da taya a kan tsagata, aka danna mata itace. Bayanta wayam, ba kaya, sai kwanduna.

A gefe ruwa ba zurfi, ban ga komai ba. Muna shiga tsakiya, inda yake gudu, goshin jiragen ya sunkuya. Ruwa ya leƙo, sannan ya shigo. Tsohon ya yi ihu a koma baya. Babu baya. Katakon gaba ya karye, motar ta zame da kai, a hankali, kamar saniya za ta sha ruwa. Muka faɗa kogi. Kwandunan suka bi ruwa.

Ba wanda ya mutu, duk 'yan ruwa ne, ni ma suka fisgo ni. Jirgi ɗaya ya tsage.

Muna zaune a kan yashi, tsohon yana matse hularsa. Bai zage ni ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

"Me ka sa mata?"

Na gaya masa.

"Da ka raɗa mini a kunne," ya ce. "Taku ɗaya kawai za a ja ta baya."

Kwana tara ta yi a ƙasa kafin ruwa ya ragu a sa mata igiyoyi. Shanu da mutanen ƙauye biyu suka fito da ita. Bakaniken ya zo har bakin kogi a kan keke. Ya shiga ƙarƙashinta ya daɗe, ya fito da laka har gira.

"Injin zai tashi in an wanke shi," ya ce. "Ƙashin bayanta ne ya karye, daidai inda muka yi walda. Ba ta ƙara ɗaukar inji, ko wannan ko wani."

Na kwance tayoyin da suka ragu da kyau, na bar sauran a wurin. Na yi sati ina taya tsohon ɗinke jirginsa, ina miƙa masa ƙusa. Da muka gama na tafi tasha, na tsaya cikin masu neman motar da za su tuƙa wa wani.