Ranar da Baba ya ɓuya a ƙarƙashin bene

Surukina, mahaifin maigidana, ya zo wurinmu a Barking, nan ƙasar Turawa, don a yi masa aikin ido, ya yi wata uku. Tsoho ne dogo, mai son shayi da son a saurare shi. Labari ɗaya gare shi da ba ya gajiya da bayarwa: yadda mutanen wani gari a ƙasarsu suka ƙi biyan harajin Turawa a zamanin mahaifinsa. A cewarsa, an ƙara kuɗin kai, sannan aka ɗora wani a kan duk jakin da ya shigo kasuwa da gishiri ko kanwa. Ranar da malamin haraji ya zo ƙirga mutane, magidanta suka shige rumbuna, aka kora shanu daji, aka bar masa tsofaffi da kaji. A nan Baba yake tsayawa ya kurɓi shayi, mu kuma mu yi mamaki kamar yau muka fara ji.

Da idon ya washe, abin da ya fara cin karo da shi takardar council tax ce, wato harajin gida na ƙaramar hukuma, da na manna a jikin firij. Ya sa jikarsa ta karanta masa. Tana bayani da Turanci, yana tambaya da Hausa, har suka kai ƙarshe. Sai ya kira ni.

"'Yata, gidan nan naku ne?"

"Haya muke yi, Baba."

"Kuna biyan haya, kuna kuma biyan harajin zaman haya."

Na ce da kuɗin ake kwashe shara, ake kunna fitilun titi. Ya daɗe yana kallona da sabon idonsa.

"Wato an sha wahala an sallame su daga can, ku kuma kuka sayi tikitin jirgi kuka biyo su har gida kuna kawo musu."

Tun daga ranar ya kafa mana tawaye a falo. Duk baƙon da ya shigo sai ya tambaye shi ko shi ma yana biya. Wadda ta tsaya ta biye masa ita ce maƙwabciyarmu, wata dattijuwa Kirista 'yar wajen Jos, nas ce da ta yi ritaya. Mama muke ce mata. Hausa a bakinta kamar a kasuwar Terminus ta Jos take. Takan kawo masa kunun gyaɗa, su zauna suna zagin mutanen da suka mutu tun kafin a haife ni. Ita ma da nata labarin. Ta ce a ƙauyensu ba a ɓuya ba, mata ne suka fito da taɓare suka kori malamin haraji, har ya bar takalmi ƙafa ɗaya a bakin rafi.

"To ku naku mahaifin, Alhaji, wane rumbun ya shiga?"

Baba ya ce shayin ya huce, a ɗumamo masa.

Wata ranar Laraba da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wani Bature ne siriri, da kati rataye a wuya da takardu a hannu, yana bi gida gida don tabbatar da sunayen masu jefa ƙuri'a. Ya tambaye ni manya nawa ne ke zaune a gidan. Jikar Baba, wadda ke hutun makaranta, ta juya ta ce wa kakanta, da 'yar Hausarta, "Ya zo ƙirga mutane."

Ban ji motsinsa ba. Na dai amsa tambayoyin, mutumin ya yi godiya ya wuce. Da na koma falo, ga kofin shayi yana tururi, ga carbi a kan kujera, babu Baba. Muka duba banɗaki, muka duba sama, na leƙa bayan gida. Har na fara neman lambar maigidana sai muka ji atishawa daga ɗan ɗakin da ke ƙarƙashin bene, inda muke ajiye injin shara da akwatuna. Na buɗe. Ga shi a tsugune, babbar riga a naɗe a cinya, hula a hannu.

"Ya tafi?"

"Ya tafi, Baba. Na zaɓe ne, ba na haraji ba."

"Haka suke cewa da farko."

Shiga ta yi sauƙi, fita ce ta gagara, don gwiwa ta riƙe. Dole na kira Mama. Ta zo ta kama kafaɗa ɗaya, na kama ɗaya, muka fito da shi a hankali. Ba ta yi dariya ba sai da ta zaunar da shi, ta duba idon da aka yi wa aiki, ta tabbatar ƙura ba ta shiga ba. Sannan ta ce, "Lallai gado ne. Ɗan mai shiga rumbu."

Baba ya kakkaɓe hularsa. Na ɗauka ya yi fushi.

"Mahaifina bai shiga rumbu ba," ya ce. "Shi ne mai littafin harajin. Shi aka bar wa kajin."

Mama ta dafe ƙirji. Baba ya ce ai bai taɓa faɗin ɓangaren da tsohon yake ba, mu ne ba mu tambaya ba. Ya ce mahaifinsa ya sha ba su labarin yana dariya, don yana jin mutane suna tari a cikin rumbuna, ya rubuta cewa garin ya watse, ya hau dokinsa ya koma. Da Mama ta tambaye shi ko an taɓa tura tsohon wajen Jos, ya ce wannan bai sani ba, kuma ba ya son ya sani.

Kafin maigidana ya dawo daga aiki, Baba ya roƙe ni kada in gaya wa ɗansa zancen ƙarƙashin bene, na mahaifinsa kuwa ya ce in bari sai ya koma gida. Na riƙe har ranar da muka raka shi filin jirgi. A hanyar dawowa, cikin tube, jirgin ƙasan da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa, na faɗa wa maigidana duka biyun. Na malamin haraji bai ba shi mamaki ba, ya ce duk gidansu an sani, kunyar Baba ce ta sa ba a tankawa. Na ƙarƙashin benen ne ya sa shi dariya har muka wuce tasharmu.