Ranar da Na Shiga Fage Don Taken Mahaifina

Shekarun baya, baya can, a shekarar da muka samu mulkin kai, na taɓa shiga fagen dambe. Sau ɗaya tak. Duk wanda ya san ni zai yi dariya, domin ni tela ne, kuma ko a samartakata damtsena bai fi muciya kauri ba. Amma wallahi na shiga, ido na ganin ido, a gaban jama'ar Sakkwato.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, barunde ne, wato mahauci, a unguwarmu ta Ƙofar Rini. Kafin a san shi da nama, da dambe aka san shi. Bahago ne. Da kaka ta yi, an kai gero rumbu, sai ya bar wa ƙanensa teburin nama, ya saɓa jaka shi da makaɗinsa su bi garuruwa a ƙasa: Gwadabawa, Illela, Argungu, har Ƙonni. Da abin da ya samo a fage ya gina gidan da aka haife ni. Wata shekara ya dawo da riguna da tumaki, wata shekara ya dawo da kumburarren ido kawai. Lokacin da na yi wayo ya riga ya kwance hannu. Abin da na tarar shi ne yatsunsa na hagu da ba sa miƙewa sosai, da mutane da ke tsayawa a bakin teburinsa suna gaisuwa ko ba su da niyyar sayen nama.

Bai taɓa yarda na ɗaure hannu ba. Da kansa ya kai ni wurin mai keken ɗinki ya ce a koya mini. Ni kuwa abin ya tsaya mini a rai, don samarin unguwa ba su bar ni na huta ba. In na wuce sai wani ya ce wai an ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma ga ta gidan bahago ta haifi kunkuru.

Da damina ya rasu. Bayan an yi sadakar arba'in, sai ga tsohon makaɗinsa ya yi sallama da goro a hannu. Ga wanda bai sani ba, kowane ɗan dambe mai suna yana da takensa, kiɗan da ake yi masa shi kaɗai da kalangu. Da an taɓa shi, ko mutum yana bayan taro, kowa ya san wa ake kira. Tsohon ya zauna a zaure, mahaifiyata tana daga ciki tana ji. Ya ce akwai wani saurayi barunde a Gawon Nama, shi ma bahago, ya roƙi a ba shi taken marigayi, shi kuma ya ga bai dace ya kaɗa wa wani ba tare da ya sanar da gida ba. Mahaifiyata ta ce babu komai, a ba shi, Allah ya sa albarka.

Ni kuwa sai na ji kamar an ce za a cire ƙofar gidanmu a kai wa baƙo. Na ce sam, abin ubana ba ya fita daga gidan nan. Tsoron da nake ji shi ne, da zarar an kaɗa wa wani, an manta da mai shi ke nan.

Tsohon ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ɓare goronsa, ya ce, "Ɗana, take ba riga na ba, balle a sa shi cikin adaka. Wanda yaf hito in an kaɗa, shi ad da shi."

Na ce to, zan fito. Bakina ne ya faɗa, ƙafafuna ba su da labari.

Saura mako uku a yi damben bikin mulkin kai. Abokina mai sayar da fatun awaki ya ce shi zai horar da ni. Bai taɓa naushin kowa ba a duniya, amma in yana bayanin dambe sai ka rantse shi ya ƙirƙiro shi. Muka rataye buhun dusa a bayan gida, ina duka yana ba da umarni. A kwana na huɗu hannuna ya kumbura har na kasa zura zare a allura. Mahaifiyata ta gasa mini shi da ruwan zafi, sai da ta gama ta ce, "Ubanka da kainai yah hana ka. Yanzu don ba shi nan za ka ƙetare maganatai?" Na ji maganar har cikin ƙashina, amma na riga na yi cika-baki a gaban mutane. Ta ce to, wanda bai ji bari ba ya ji hoho.

Ranar ta zo. Bayan la'asar aka kafa fage a wani fili a bayan gari, mutane maƙil, har da na kan bishiya. Aka yi ta wasan yara da matsakaita. Can sai tsohon ya miƙe, ya gyara kalangunsa a hamata, ya taɓa taken. Ban taɓa jin sa a fage ba sai ran nan. Wurin ya yi tsit, sai na ga dattawa masu furfura suna miƙewa tsaye ɗaya bayan ɗaya, wani yana share ido da bakin rawani. Ni ma hawaye ya zo mini. Da hawayen na tuɓe riga na fita, hannuna ɗaure da igiyar da abokina ya naɗa mini har jini ya daina gudu.

Saurayin Gawon Nama ya fito daga ɗaya gefen. Da na ga ƙirjinsa na tuna ban yi sallama da kowa a gida ba. Shi kuwa da ya gane ko ni wane ne, sai ya matso ya yi ƙasa da murya ya ce don Allah in koma, ba ya iya ɗaga hannu a kan ɗan gidan. Na ƙi. Turmin farko gaba ɗaya bai kai mini hannu ba, kaucewa kawai yake yi, ni kuma ina ta naushin iska har na kusa kayar da kaina. Jama'a suka fashe da dariya. Dariyar nan ta fi mini duka ciwo, domin taken mahaifina ake kaɗawa ana yin ta.

Da aka sake haɗa mu na ce masa, "In kana ganin girman mai kiɗin ga, kada ka bari a yi dariya cikinai. Buge ni yadda shika bugu."

Ya dube ni, ya gyaɗa kai. Ban ga hannun ba. Na dai farka na gan ni a kafaɗarsa yana fitar da ni daga fage, kalangu na tashi, kuma babu mai dariya.

Kwana bakwai ina ɗaki, muƙamuƙi a kumbure, kunu kawai nake sha, kunya kuwa ta fi kumburin. A rana ta takwas saurayin ya zo gaishe ni da cinyar rago, ga wanda ko tuwo ba ya iya taunawa. Ya zauna a zaure ya ce so yake in ba shi labarin marigayi: ina da ina ya je, wa ya kayar, wa ya kayar da shi. Na buɗe baki, sai na tarar ni mai ƙoƙarin tsare gado ban san komai ba sai sunayen garuruwa. Daga ciki muka ji muryar mahaifiyata. Matar da ba ta taɓa leƙa fage ba ta kawo su tiryan-tiryan: shekarar da ya yi turmi uku da wani ƙaton Argungu aka raba su ba kisa, wato ba wanda ya kayar da wani, shekarar da ya faɗi a Illela ya koma baɗi ya rama, da wanda ya karya wa haƙarƙari ya zauna jinyarsa har ya warke. Muka zauna muna ji har aka kira magariba.

Tun daga ranar, duk inda saurayin nan zai yi wasa, sai ya sa makaɗi ya fara ambaton mai taken na farko kafin a kira shi. Ya yi shekaru yana tashe. Yau shi da makaɗin da mahaifiyata duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya gafarta musu. In na tuna, nakan gode wa Allah da na faɗi. Da na ci, da na ɗauko taken na kawo shi gida ya mutu a kusa da keken ɗinkina.

Shekara biyar ko shida bayan haka na kai riguna kasuwar wani ƙauye a hanyar Gwadabawa. Da yamma na ji kalangu, na bi sauti, sai ga taken. Na tsaya a bayan taro kusa da wani tsohon manomi da ban taɓa gani ba. Yana jin kiɗan ya dafa kafaɗata ya ce, "Yaro, wanga na biyu na. Ka san mai shi na hwarko? Ni na gane shi da idona."

Na juyo na ce, "A'a Baba, ban san shi ba. Ba ni labari."